Jibo Bakari mai Raƙumi: ya ci zaɓe a 1957, aka hana shi takara har 1993

A filinmu na tarihin magabata, yau mun ɗauko rayuwar marigayi Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gomnati a Nijar. Matasa da yawa sunansa kawai suka sani. Amma duk mai son ya gane yadda aka fara toshe ƙofar takara a ƙasar nan, har aka shekara 34 ba a yi zaɓen da jam'iyyu biyu suka kara ba, to sai ya bi sawun wannan bawan Allah.

Daga Sudure zuwa aikin mushe

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, wani ƙauye na bakin kogin Isa kusa da Yamai. Garin nan ne kuma aka haifi Jori Hamani a 1916, kuma su biyun dangi ne. Jibo Bazabarme ne, amma ya yi lakkol ɗinsa ta farko a Tawa, can ya tashi cikin Hausawa har Hausa ta zauna a bakinsa. Wannan ya yi masa rana daga baya, domin yana iya tsayawa a kasuwar Maradi ko ta Damagaram ya yi magana da talaka ba tare da tafinta ba.

Daga nan ya wuce babbar makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na ƙasashen da take mulka. Da ya dawo aka tura shi koyarwa, ya yi aikin mushe a Birnin Ƙonni da Agadas. A lokacin talaka na fama da aikin tilas, da lanho, da ikon kumandan wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Sai a 1946 aka soke aikin tilas, kuma a shekarar ce aka kafa jam'iyyar farko ta ƙasar nan, PPN, wadda ta shiga babbar ƙungiyar RDA mai alamar giwa. Jibo ya shige ta, a 1947 ya zama babban sakatarenta, ya ajiye alli ya rungumi siyasa.

Gyaɗa da ƴan ƙwadago

Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sanin abin da ake nufi idan mai saye ɗaya ne. A wancan zamani gyaɗa ce dukiyar ƙasar Hausa, tun daga Madawa da Maradi har Tasawa da Magariya, amma manyan kamfanonin Nasara ne ke yanka mata kuɗi, su ne da sikeli, su ne da motocin jigila. Manomi ya kawo buhunsa daga nesa, in farashi bai yi masa ba, babu wata rumfar da zai nufa. Jibo ya shiga wannan rigima a yankin Maradi yana goyon bayan manoman gyaɗa, abin da ya sa gomnatin mulkin mallaka ta sa masa ido. Gwamna Jean Toby ya ɗaure wa wata jam'iyya gindi, UNIS, wadda aka kafa a 1948 bisa ƙarfin sarakuna, don ta rage wa PPN kaifi.

A 1950 shugabannin RDA, Houphouët-Boigny na kan gaba, suka yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa suka nemi sasantawa da hukuma. Jori Hamani da Bubu Hama suka bi wannan hanya. Jibo ya ƙi, nan ne dangin biyu suka raba gari. Ya koma ga ƙungiyoyin ƙwadago, yana haɗa kan leburori, da ƴan dako, da direbobi, da masu aikin gidajen Nasara, suna yajin aiki don a yi aiki da dokar ƙwadago ta 1952. A 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN.

Mutanen da suka bi shi ba manya ba ne. Teloli ne, da mahauta, da maƙera, da ƴan koli, da ƴan kamasho na tasha, da mata masu sana'a a birane. Direbobin kamiyo su ne ke kai saƙonsa gari gari a lokacin da babu rediyo a hannun kowa. Kalmar da suke kira ita ce sawaba, wato sauƙi bayan wuya, kalmar da ƴan NEPU na Malam Aminu Kano ke amfani da ita a tsallaken iyaka. Alamarsu kuwa raƙumi.

Shekarar da ƙuri'a ta yi aiki

A watan Yuni na 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a. Iyayenmu mata su lura da wannan: zaɓen farko da aka buɗe wa kowace mace ta karkara da ta birni, zaɓe ne na takara ta gaske. A ƙarshen 1956 Jibo ya haɗa kai da jam'iyyar BNA ta su Isufu Saidu Jarmakoy da Georges Condat, wadda ke da sarakuna da yawa a bayanta, ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Haɗakar ta zama MSA, amma a bakin jama'a Sawaba ce.

Ranar 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasa mai kujeru 60. Sawaba ta samu 41, PPN-RDA ta samu 19. A watan Mayu Jibo ya kafa gomnati a matsayin mataimakin shugaban majalisar ministoci, domin gwamna Bafaranshe ne shugaba a takarda, kafin a miƙa masa shugabancin a Yulin 1958. Ga masu mulki, ga ƴan adawa 19 zaune a majalisa suna sa musu ido. Abin da ya kamata a gina a kai ke nan.

Ba za mu ce mulkin nasa ba shi da aibi ba. Auren da ya ɗaura tsakanin talakawan birni da sarakuna aure ne na dole, kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Gomnatinsa ta tuɓe wasu sarakuna, sauran suka tsorata da rawunansu. A Afrilun 1958 an yi mummunan faɗa a titunan Yamai tsakanin ƴan Raƙumi da ƴan Giwa, aka zubar da jini, kuma kowane ɓangare na da nasa laifi. Siyasar duka da jifa ba ɓangare ɗaya ya ƙirƙiro ta ba.

Satumba 1958: ee ko a'a

A Yunin 1958 Janar de Gaulle ya karɓi mulki a Faransa. Ya kawo sabon kundin tsarin mulki ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ranar 28 ga Satumba: ko ta ce ee ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko ta ce a'a ta kama gabanta nan take ba tare da tallafi ba. A duk Afirka ta Yamma ta Faransa, shugabannin gomnati biyu ne suka kira jama'arsu su ce a'a: Seku Ture na Gini da Jibo Bakari na Nijar.

Faransa ta iya haƙura da Gini, amma ba ta ga za ta iya sakin Nijar ba. Arewacinmu na iyaka da Aljeriya, inda take yaƙi tun 1954. Kudancinmu na iyaka da Najeriya mai shirin samun mulkin kai, ga kuma zumuncin Sawaba da NEPU. Sannan a 1957 an gano alamun uraniyom a Azelik. Don haka ana saura makonni kaɗan zaɓe aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, da aiki guda: a'a kada ta ci.

Yadda aka yi aikin shi ne darasin. Ba a hana zaɓe ba, an dai lalata shi tun kafin ranarsa. An shigo da ƙarin sojoji aka baza su a karkara don jama'a su gani. An kira sarakuna aka nuna musu inda ƙarfi yake, suka janye daga Sawaba, abokan haɗakar 1956 ma suka juya baya. Kumandodi da motocin hukuma suka shiga yaƙin neman ee, ƴan Sawaba kuwa ana tare musu hanya ana watsa tarukansu. Ga gomnati a hannun Jibo, amma jandarma da kuɗi da waya suna hannun gwamna.

Da aka ƙidaya, ee ta samu kashi 78 cikin 100, a'a ta samu wajen kashi 22. Amma akwai wani lissafin da ya fi wannan magana: cikin masu rijista fiye da miliyan ɗaya da dubu 300, waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Mafi yawan ƴan ƙasa sun zauna gida. Duk da haka, in ka cire Gini, babu ƙasar da a'a ta samu kaso mai yawa a yankin kamar Nijar.

Yadda 41 ta koma sifiri

A watan Oktoba 1958 aka matsa wa gomnatin Jibo ta yi murabus. A Nuwamba aka rusa majalisar da jama'a suka zaɓa shekara ɗaya da rabi kacal da ta wuce. Ranar 14 ga Disamba aka sake zaɓe ƙarƙashin idon gwamna ɗin nan. Haɗakar PPN da masu ee ta samu kujeru 49, Sawaba ta tsira da 11 daga Damagaram da Tasawa. Waɗannan 11 ɗin ma ba a bar su ba: aka soke sakamakon mazaɓun biyu, daga ƙarshe kujeru 60 duka suka koma ɓangare ɗaya. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka yi shelar Jamhuriya, Jori Hamani ya zama shugaban gomnati, Bubu Hama shugaban majalisa, Jamballa Yansambu Maiga ministan cikin gida.

Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba baki ɗaya. Jibo ya riga ya fita ƙasar, ya zauna Bamako, daga baya Accra ta ƙasar Gana. Ranar 3 ga Agusta 1960, lokacin da aka ɗaga tutar ƴancin kai, mutumin da ya nemi ƴancin tun 1958 yana gudun hijira, mabiyansa wasu na kurkuku, wasu sun tsallaka Kano da sauran garuruwan Najeriya.

A dubi matakan da kyau, domin za mu sake ganin su a tarihinmu. Da farko a raba abokin takara da magoya bayansa ta hanyar tsoro da kwaɗayi. Sannan a sa kayan hukuma su yi wa ɓangare ɗaya aiki. In ya ci wani wuri duk da haka, a soke. In ya yi ƙara, a ce yana tada fitina a haramta shi. Kowane mataki da takardarsa da hatiminsa, babu wanda aka yi ba bisa wata doka ba.

Da aka rufe akwati, sai aka buɗe bindiga

Nan ne Jibo ya ɗauki shawarar da ta fi kowace tsada a rayuwarsa. Tun da an hana shi akwatin zaɓe, sai ya nemi mulki da makami. Aka tura ɗaruruwan matasan Sawaba koyon yaƙi a Aljeriya, da Sin, da Vietnam ta Arewa, da Gana. A ƙarshen damina ta 1964 suka shigo ƙungiya ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Hukuma ta riga ta samu labari, aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu, cikin makonni kaɗan aka murƙushe su. A Oktoban 1964 aka harbe wasunsu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla, wani ɗan Sawaba ya jefa wa Jori gurneti. Jori ya tsira, yaro ƙarami ne ya mutu.

Ba za mu wanke wannan ba. An tura ƴaƴan mutane ga halaka bisa lissafin da bai tsaya ba, kuma jinin yaron nan na filin idi ba shi da amsa. Haka kuma ƙasashen da Jibo ya fake a cikinsu, Gana ta Nkrumah da Gini ta Seku Ture, su ma jam'iyya ɗaya ce ke mulki, ɗan adawa ba shi da wurin zama. Amma wanda ya toshe wa ruwa hanya shi ma yana da alhakin ambaliya. Kuma wuyar ta faɗa kan talaka: an kama dubban mutane, an azabtar da wasu, a 1964 wasu mutanen Jiratawa da aka tsare suka mutu a ɗakin tsaro a Maradi saboda cunkoso da rashin iska. Zargin kai ɗan Sawaba ne ya isa ya rufe maka rumfa, ko da gaba ce ta kasuwa ta sa maƙwabci ya kai sunanka.

Zaɓe kuwa an ci gaba da yin sa. A 1965 da 1970 Jori ne kaɗai ɗan takarar shugaban ƙasa, jerin sunayen PPN ne kaɗai na kujeru 50 na majalisa, sakamako kullum kusan ɗari bisa ɗari. A kasuwa ma haka abin ya koma: a 1962 aka kafa SONARA aka ba ta ikon cinikin gyaɗar ƙasa ita kaɗai, mai saye ɗaya ya sauya suna amma bai zama biyu ba. Da fari ya zo daga 1968, ya kai maƙura a 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, babu depite ɗaya na adawa da zai tashi a majalisa ya tambayi inda hatsin taimako ya shiga. Gomnatin da ba ta jin kowa sai kanta ba ta ji ƙarar da ke tafe ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da ita, aka kashe uwargidan shugaban ƙasa Aisa Jori a daren, Jori ya shiga tsare. Ƙofar da PPN ta rufe wa Sawaba, ita ma aka rufe mata.

Dawowa gida da tsufa

Bayan faɗuwar Nkrumah a 1966 Jibo ya koma Konakiri. A 1974, bayan shekara 15 a waje, sojoji suka bar shi ya dawo bisa sharaɗin ba ruwansa da siyasa. Ba a cika shekara guda da ƴan watanni ba, a Agustan 1975, aka kama shi tare da Kumandan Sani Suna Sido bisa zargin shirya juyin mulki. Ya shafe shekaru a tsare, sai cikin shekarun 1980 ya samu kansa. Dangin nan biyu na Sudure, wanda ya kori da wanda aka kora, suka tsufa a hannun mai tsaro ɗaya. Jori ya rasu a Maroko a 1989, shekarar da aka yi wani zaɓen na ɗan takara ɗaya, Ali Shaibu, ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, MNSD.

Ba kyauta aka yi wa jama'a ba da aka sake buɗe fili. Ɗalibai sun mutu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Ƴan ƙwadago sun yi yajin aiki. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai suna neman a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ya share fagen zaɓen jam'iyyu da yawa.

A Fabrairun 1993 aka yi zaɓen takara na farko tun Disamban 1958. Jibo Bakari, yana da shekara 70 da ɗoriya, ya tsaya neman shugabancin ƙasa ƙarƙashin UDFP-Sawaba. Bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Sawaba ta rabu, tsofaffin mabiya sun mutu ko sun tsufa, yawancin masu zaɓe ba a haife su ba lokacin da Raƙumi ke tashe. Mahaman Usman ne ya ci a zagaye na biyu. Wannan faɗuwa ta 1993 ba irin ta 1958 ba ce: jama'a ne suka auna shi suka ajiye, ba gwamna ba, kuma ba a tashi da bindiga a kanta ba. Ya rayu har ya ga juyin mulkin Janairun 1996, da zaɓen Yulin shekarar, inda aka rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar aiki aka tsare ƴan takara a gidajensu. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Abin da ya bar mana

Bayan rasuwarsa tsohon ciwon bai warke ba. A 2009, lokacin tazarce, an rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ƴan adawa suka ƙaurace wa zaɓe, a Fabrairun 2010 sojoji suka shigo. A 2016 ɗan takarar da ya zo na biyu yana gidan kaso na Filinge aka yi zaɓe, ƴan adawa suka janye daga zagaye na biyu, mai mulki ya samu fiye da kashi 90. A Yulin 2023 sojoji suka sake karɓar mulki, a Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya. Kowane zamani da dalilan da yake bayarwa, kuma ba mu ce duka ɗaya suke ba. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, duk lokacin da aka ƙuntata fili a ƙasar nan, wanda ya ƙuntata shi bai ci moriyarsa har ƙarshe ba.

Ku ƴan kasuwa kun san ranar da mai hatsi ya zama shi kaɗai a layi, tiya takan ƙanƙance, kuɗi su hau, kuma ba a yi masa magana. Abokin gasa ba masoyinka ba ne, amma zamansa kusa da kai ne ke sa ka gyara mudu. Jibo Bakari ba waliyyi ba ne, mun faɗi inda ya yi kuskure, kuma mai yiwuwa ne da an bar shi da akwati jama'a da kansu su sauke shi wata rana, kamar yadda suka ƙi shi a 1993. Wannan hukunci nasu ne, shi aka ƙwace musu a 1958. Ba Jibo kaɗai aka yi wa asara ba, har da mai tallan fura ta Tasawa da mahaucin Damagaram da suka yi layi suka jefa ƙuri'a aka soke ta.

Allah ya jiƙan Jibo Bakari, ya jiƙan Jori Hamani, da duk waɗanda suka rasa rayukansu a tsakaninsu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai mun haɗu a fili na gaba.